Shekarar da Aka Yi Askin Sallah da Wuri a Setapak

A jerin shagunan da ke bayan tashar bas a Setapak, can ƙasar Malayawa, tsakanin wani kanti mai sayar da kayan waya da gidan abincin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, akwai wani shagon aski mai kujeru uku. Biyun da ke bakin ƙofa na kowa ne. Ta ukun, wadda ke can ciki kusa da famfo, ita ɗaliban Najeriya ke kira kujerarmu. Mutumin da ke tsayawa a bayanta sunansa Monappa, amma ba su cika kiran sunan ba. Anna suke ce masa, wato yaya a harshen su Monappa, har waɗanda suka girme shi.

Ɗan Indiya ne, sai dai ba Batamile ba ne kamar Rajan mai shagon da sauran masu askin biyu. Daga gaɓar tekun yamma ya fito, wani ƙauye a bayan birnin Mangaluru, ƙasar mutanen da ake kira Tulu, inda ake noman shinkafa a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ya ɗan haura shekara arba'in. Gajere ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu suna can ƙauye tare da mahaifiyarsa, kuma kujerar nan ta uku ce ke riƙe da su.

Da shara ya fara a shagon. A garinsu aski sana'ar wani gida ce daban, ba ta gidansu ba, har yau mahaifiyarsa ba ta son a faɗi aikin da yake yi a gaban baƙi. Ya koya ne da kallo. A lokacin kuwa masu askin unguwar ba sa son ganin kan Ba'afirke. Matajinsu ba ya shiga, almakashi ba ya kamawa, mutum ya tashi daga kujera kansa tudu da kwari. Ɗalibai suna yi wa juna saisaye a ɗaki, masu hali kuma su hau jirgin ƙasa zuwa Wangsa Maju, wurin wani ɗan Ghana da ke aski a falonsa.

Muntasir, ɗan Gumel da ke karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, shi ne ya fara zama a kujerar. Rannan yana da ganawa da malaminsa, ɗan Ghana kuma bai ɗauki waya ba. Masu askin biyu suka dubi kansa suka kau da ido. Monappa ya ajiye tsintsiya, ya zagaya shi yana dubawa, sannan ya nuna masa kujera. Saisayen ba wani abin a zo a gani ba ne, in ji Muntasir. Gyaran fuskar ne ya tsayar da shi a gaban madubi. Layin goshi ya fita kamar da rula aka ja shi, saje biyu suka sauko daidai da juna, gemun ya zauna. Kafin wata ya ƙare, benci ya cika da masu jiran Anna.

An daɗe ana tambayarsa inda ya samo wannan hannu, yana murmushi kawai. Sai wata Asabar da aka matsa masa, ya ciro waya ya nuna musu hoto. Fuskar mutum ce an shafe ta da rawaya, an zana mata layuka baƙaƙe da ɗigo-ɗigon ja da fari, siraran da sai an matso da ido ake rarrabe su. A ƙugu akwai bante mai faɗi na ɗanyen ganyen kwakwa da aka tsattsaga, a bayan kai kuma wani abu kamar bakan gizo da aka saƙa, ya fi mutumin tsawo. Ya ce kawunsa ne, Dombayya. Zanen fuskar kuma shi Monappa ne ya yi, tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake yi, da tsinken ganyen kwakwa.

Barnaba, ɗan Kagoro da ke aiki a wani kamfanin kwamfuta, shi ke kan kujera. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. "Wannan ai dodo ne," in ji shi da Hausa. Ya gaya wa na kan benci cewa kakansa ya riƙe irin wannan abu a kan dutse kafin mishan su zo, da ganye da komai. Wani ya ce a'a, bori ne. Aka yi ta musu a kan Monappa alhali ba ya jin ko kalma ɗaya.

Ga yadda abin yake, kamar yadda shi ya bayyana. Mutanen Tulu sun yi imani cewa kowane ƙauye, wani lokaci ma kowane babban gida, yana da mai tsaronsa daga cikin iskoki, wanda suke kira daiva. Wani yana tsare gona, wani yana tsare masunta a teku. Na ƙauyen su Monappa sunansa Pilicamundi, ana siffanta shi da damisa, kuma shanu da iyakokin gonaki ne a hannunsa. Sau ɗaya a shekara, a lokacin rani, ana yi masa biki mai suna kola a farfajiyar babban gidan ƙauyen. Mutum ɗaya ne zai yi zanen fuska, ya ɗaura ganye, ya sa wasu akayau na tagulla masu nauyi a ƙafa, ya yi rawa har daiva ya hau shi. Daga nan duk abin da ya fito daga bakinsa, a wurinsu maganar daiva ce. A gabansa ake kawo rigimar gona da ta ruwa da ta gado, a kan idon kowa. Ba kowa ke sa akayau ɗin ba. Gidaje ƙalilan ne ke da wannan gado, kuma a gidan su Monappa daga kawu yake sauka zuwa ɗan 'yar'uwa. Waɗannan gidaje talakawa ne, a sauran ranakun shekara ba a ba su wurin zama a cikin manya.

Labarin ya zagaya ɗakunan ɗalibai, kuma kamar yadda aka saba, ya ƙara kitse a hanya. Wani ɗalibi da kundinsa ya maƙale a hannun malami ya jira har shago ya yi sauƙi, ya matso ya yi ƙasa da murya, ya tambayi Anna ko zai yi masa aiki a kan malamin, ko nawa ne. Monappa bai gane ba da farko. Da ya gane, sai ya ajiye injin aski ya gaya masa cewa Pilicamundi ba ya hawa jirgin sama. Ƙasarsa can take, tsakanin kogi da tudu, kuma ba ya magana a kunnen mutum ɗaya, sai a gaban gari. Ya ƙara da cewa in malamin ya ce a gyara babi, a je a gyara babi. Ɗalibin da kansa ya riƙa ba da labarin daga baya, bayan ya kammala.

A shekarar da azumi ya kama tsakiyar ranin ƙasar su Monappa, aka bugo masa waya daga gida. Gwiwoyin Dombayya sun ƙi. A bikin bara ma da kyar aka sauko da shi. Babban gida ya riga ya tsayar da ranar kola, kuma ba a ɗaga ta don kowa. In babu wanda zai sa akayau daga gidansu, za a kira wani gida daga ƙetaren kogi, kuma duk gidan da ya sa su sau ɗaya, shi ke nan sun zama nasa. Dombayya ba shi da wani ɗan 'yar'uwa sai Monappa. Ranar kuwa ta faɗo a cikin makon ƙarshe na azumi.

Duk wanda ya san Bahaushe ya san makon nan. Mutum zai iya haƙura da sabon ɗinki a ƙasar waje, amma ba zai je Idi ba aski ba. Makon ne shagon Rajan ke cika har waje, 'yan Najeriya a kujerar ciki, Malayawa a kujerun bakin ƙofa. Rajan ya saurari Monappa, ya ce masa ya tafi a kowane wata ya ga dama ban da wannan. In ya tafi, 'yan Afirka za su koma wurin ɗan Ghana, kuma wanda ya koma ba lallai ya dawo ba. Ya ce in ya sa ƙafa ya fita a makon Raya, wato Sallah a bakin Malayawa, kada ya sa ran za a sabunta masa takardar izinin aiki, domin kujera ba ta zama haka nan.

Monappa bai gaya wa kowa ba. Muntasir ne ya gane, ranar da aska ta ɗan taɓa masa kunne, abin da bai taɓa faruwa ba a duk shekarun da yake zama a kujerar. Ya ce masa, Anna, yau hannun wa ka aro? Monappa ya danna auduga a kunnen, sannan ya faɗa masa komai da guntun Turancinsa da Malayanci. Muntasir ya tambaye shi wanne zai zaɓa. Ya ce zai tafi. Bai san abin da zai gaya wa matarsa game da makarantar yara ba, amma zai tafi.

Da yammar ranar Muntasir ya saki saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai. Shawararsa gajeriya ce: kowa ya je ya yi askin Sallah yanzu, a tsakiyar azumi, lokacin da shago ke zaman banza, kuma a yi alkawari ba wanda zai kai kansa wani wuri har Anna ya dawo. Ta haka Rajan ba zai rasa komai ba.

Maganar ba ta wuce da sauƙi ba. Washegari bayan la'asar, a surau, ƙaramin masallacin da ke ƙasan benayen Wangsa Maju, Malam Datti ya tsayar da mutane. Malam Datti Bazazzagi ne, shi ne babba a cikinsu, ya bar koyarwa a gida ya zo yin digiri na uku da furfura a gemu, kuma shi ke jan su salla in limamin wurin ba ya nan. Ya ce ya ji saƙon, kuma yana so kowa ya san abin da mutumin nan zai je ya yi. Ba jinya za shi ba, ba biki ba. Zai je ne ya tsaya a gaban jama'a a roƙi wanin Allah ta bakinsa.

"Allah ya gafarta Malam, mu fa aski za mu yi," in ji Muntasir. "Askin da ko ya tafi ko bai tafi ba sai mun yi shi."

"To me ya sa yanzu? Ka faɗi niyyar, Muntasir."

Muntasir ya ce niyyarsa ita ce kada mutumin da ke ɓoye gorar ruwansa a bayan labule duk watan azumi, don kada mai azumi ya gan shi yana sha, ya rasa abincin 'ya'yansa. Tafiya kam ya riga ya yanke zai yi, da su ko ba su. Abin da ya rage a hannunsu shi ne ko zai dawo ya tarar da kujera. Hadi, wani ɗan Katsina mai son raha, ya ce shi matsalarsa ɗaya ce, madam ta ce in ya zo mata hoton Sallah da kai kamar na ɗan gudun hijira, shi kaɗai zai tsaya a hoton. Aka yi dariya, ban da Malam Datti. Ya ce ba zai hana kowa ba, kowa ya san abin da ke zuciyarsa. Amma shi ba zai matsar da askinsa ko da kwana ɗaya ba saboda wannan tafiya. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Wasu sun bi bayansa. Mafi yawa ba su bi ba.

Rajan ya ce a shekarun da ya yi yana riƙe da shago bai taɓa ganin tsakiyar azumi irin wannan ba. Tun hantsi ake layi. Mata suka riƙa kawo yara bayan an tashi daga makaranta, yaran suna gardama da Malayanci cewa Raya ai da saura. Barnaba ya kwaso mutanen cocinsu, waɗanda Ista ta kusa musu, har da wani dattijo ɗan Pankshin mai sanƙo wanda ya ce a gyara masa abin da ya rage. Da benci ya kasa, aka aro kujerun roba daga mamak. Masu azumi suna zaune da ledojin tapau, abincin buɗa-bakin da suka sayo, a cinya suna jiran magariba, ana ta tsokanar duk wanda ya tashi daga kujera cewa kafin Idi zai koma yadda yake. Monappa yana tsaye tun safe, kuma duk wanda ya zauna ya ga cewa ya fi ɗaukar lokaci a kan kowane layi.

Da abin ya yi kwanaki, Muntasir ya sami Rajan a bakin ƙofa ya gaya masa alkawarin da aka yi. Rajan ya tambaya ko mutanen nan da gaske za su je masallacin Raya da gashin mako biyu. Muntasir ya cire hularsa ya nuna masa, ya mayar, ya ja ta har gira. Rajan ya yi dariya, ya leƙa ciki ya ce wa Monappa da Malayanci, "Boleh lah, na yarda. Ka je ka dawo."

Hotunan Idin wannan shekara suna nan a wayoyin mutane. An sha shadda da yadi, an tsaya a jere a gaban masallaci, kowa ya danna hula ƙasa fiye da yadda aka saba. Gemu ya yi gefe-gefe, layin goshi ya ɓace. Matar Hadi ta shiga hoton.

Abin da ya faru a ƙauye, daga bakin Monappa aka ji shi. Ya ce ya yi kwanaki yana kame kansa daga nama da kwanan gida kamar yadda aka gada. Ran bikin, da rana ta yi sanyi, ya zauna a kan tabarma da guntun madubi ya zana fuskarsa da hannunsa, karo na farko da ya yi wa kansa ba wa kawunsa ba. Mahaifiyarsa da ƙanwarta suna gefe da ƙaramar ganga suna rera waƙar asalin Pilicamundi, inda aka haife shi da hanyar da ya bi har ya zo ƙasarsu. Aka ɗauko Dombayya a kujera. Tsohon ya karɓi akayau ɗin daga hannun mutanen babban gida, ya ɗaga su sama, ya miƙa wa ɗan 'yar'uwarsa a gaban gari. Monappa ya ce yana tuna sanyin tagullar a idon sawunsa, da ƙarar kakaki da ganguna. Daga nan bai riƙe komai ba.

Sauran, mutane ne suka gaya masa da gari ya waye. Sun ce daiva ya yi rawa da wuta a hannu biyu. Sun ce an kawo masa wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa gaisawa a kan magudanar ruwan gona, ya raba musu kwanakin ban ruwa, ya sa suka karɓi fure daga hannu ɗaya. Sun ce maigidan babban gida, wanda mahaifin Monappa har ya mutu bai taɓa hawa barandarsa ba, ya tsaya a ƙasa ba takalmi, hannuwa a haɗe, yana amsa tambaya.

Da aka tambaye shi yadda ya ji da wannan, ya ɗan yi tunani. "Ba ni ya tsaya wa ba, na sani," in ji shi. "Da safe a ƙasan farfajiya aka ba ni abinci, ba a baranda ba, kamar kullum. Amma ƙafafun da ke cikin akayau ɗin na gidanmu ne."

Ya dawo bayan Sallah da 'yan kwanaki, yana ɗan ɗingishi, idon sawunsa duk biyu a ɗaure da bandeji inda tagulla ta ci fata. Ya zo da soyayyar ayaba a leda ya ajiye a kan benci don masu jira. Yanzu kowace shekara sai ya tafi, kuma Rajan ya amince, tun da Sallah tana ƙara zuwa da wuri kowace shekara, ranar kola kuwa tana nan a raninta. Za a daɗe kafin su sake haɗuwa.

Safiyar da ya buɗe kujerarsa, kafin kowa ya zo, sai ga Malam Datti. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sumar ta taru ta yi cunkus, furfura ta fito ta ko'ina, gemun ya bazu har wuya. Tun kafin azumi rabonsa da aski. Haka ya je Idi, haka ya tsaya a sahun gaba. Muntasir, wanda ya shigo a bayansa, ya tsaya a ƙofa ya ce, Allah ya gafarta Malam, ashe ba a je wurin ɗan Ghana ba?

"Na ce ba zan zo da wuri ba," in ji Malam Datti, bai juyo ba. "Ban ce zan kai kaina wani wuri ba."

Monappa ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya. Malam Datti ya dube shi ta madubi, ya tambaye shi da Turanci yaya jikin kawunsa. Ya ce da sauƙi, yana cin abinci, sai dai ba ya tashi. Malam Datti ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara da cewa yana sa Monappa shi ma a addu'a Allah ya shirye shi, kuma ba zai daina ba. Monappa ya ce ya gode. Bai tambaye shi me ya sa bai zo da sauran ba, shi kuma bai tambayi komai game da bikin ba.

Monappa ya yi saisayen a hankali, gashi yana zuba fari da baƙi a kan ƙyalle. Da ya zo gyaran fuska, ya sa sabuwar reza, ya ɗora yatsu biyu a goshin dattijon, ya karkata kansa zuwa haske. Hausar da ya iya ba ta wuce ta kujera ba, amma wannan kam ya iya ta sarai.

"Kar ka motsa, Malam," in ji shi.